Tsakanin sufeton ƙwadago da magajin gari: wa ke tsaron ran ma'aikaci a Yamai?

Wanda ya ratsa kasuwar Katako da hantsi zai ga sana'o'in da ke riƙe da Yamai a jere: masu narkar da sanholo suna zuba tukwane, masu walda, masu fafe duro, masu tsaga katako, 'yan dako da buhun siminti mai kilo 50 a ka. Zai kuma ga ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, da littafin tikiti yana bi rumfa-rumfa, ba ya tsallake ko ɗaya. Da wuya ya ga jami'in da ya tsaya ya duba wayar wutar da ta bi ta kan kwanon rufi ba riga, ko ya tambayi shekarun yaron da ke riƙe da ƙarfe ana masa walda ido tsirara. Hukumar da ta san ƙofar kowane shago ba ita doka ta ba wa binciken ƙwadago ba, wadda aka ba wa binciken kuma ƙafarta ba ta kai wa yawancin shagunan. A wannan tsakanin ne ake rasa yatsu da idanu, wani lokaci da rai.

Game da wanda nauyi ke wuyansa, doka ba ta bar ruɗani ba. Dokar ƙwadago ta Nijar mai lamba 2012-45, ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora shi kan mai ɗaukar aiki. Ayarta ta 136 ta wajabta masa ɗaukar duk matakin da ya dace da irin aikinsa don kare rai da lafiyar ma'aikata, ya kuma tsara wurin da aikin kansa yadda haɗari da cuta za su ragu. Sabon ma'aikaci, ko wanda aka sauya wa aiki ko inji, sai an koya masa haɗarin wurin. Inda ma'aikata suka kai goma ana kafa kwamitin tsaro da lafiya, da wakilan mai aiki da na ma'aikata a ciki. Kayan jinya ma an yanka su gwargwadon yawan jama'a: akwatin agajin farko ga wurin da bai kai mutum 20 ba, ɗakin ɗaurin rauni daga 20 zuwa 100, ƙaramin asibiti idan an haura 100. Yaro ba ya shiga aiki, ko da sunan koyon sana'a, kafin shekara 14. Dokar zartarwa ta watan Agusta 2017 ce ta fayyace yadda za a yi aiki da waɗannan ayoyi. A waje kuma Nijar ta amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya masu lamba 155, 161 da 187 a 2009, kuma ta 155 ɗin ta kare ma'aikacin da ya janye jikinsa daga aikin da yake da hujjar ganin zai iya halaka shi nan take.

Akwai tsari a cikin wannan wajibi da ake yawan juyawa. Hular kwano da safar hannu su ne mataki na ƙarshe. Na farko a kawar da haɗarin ɗungurungum, in bai yiwu ba a katange shi. Injin niƙa da bel ɗinsa ke juyawa a fili murfin ƙarfe yake buƙata, domin gargaɗin baki ba ya hana bakin zane ko hannun riga shiga tsakanin bel da ƙafar inji. Shagon da ya raba wa yaransa takalma amma ya bar fayafayin yankan ƙarfe ba garkuwa ya fara daga wutsiya.

Mai tabbatar da wannan doka shi ne sufeton ƙwadago, ma'aikacin gwamnatin tsakiya a ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, mai ofishi a kowace jiha. Ikonsa a takarda babba ne. Yana shiga wurin aiki ba sanarwa, da rana ko da dare, ya gana da ma'aikata su kaɗai, ya nemi rajista, ya ɗauki samfurin sinadarin da ake aiki da shi. Idan ya ga saɓa doka yakan fara da takardar gargaɗi mai wa'adi, a rubuce, da ta faɗi abin da za a gyara da ranar da za a gama. Wa'adi ya cika ba gyara, sai ya rubuta takardar tuhuma ta tafi gaban mai shigar da ƙara. Matsalar ita ce inda lokacinsa ke tafiya. Ofishin sufeto shi ne kuma wurin sasanta rikicin kora da bashin albashi kafin a kai kotun ƙwadago, kuma masu waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna zaune a bakin ƙofa kullum, alhali ramin da ba a tokare ba a wani lungun Koira Tegui ba ya zuwa ya kai ƙarar kansa. Ɗan lokacin da ya rage na ziyara yakan tafi ga kamfanonin da ke da suna a rajista, irin na unguwar masana'antu ta Gamkale da bankuna da manyan otal. Mafi yawan masu aiki a birnin nan kuwa ba su da takardar ɗaukar aiki, ubangida ne da yaransa, ko magini da leburorin da ya kwasa da safe ya sallama da yamma.

Hannu na biyu na gwamnatin tsakiya shi ne asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda ma'aikata ke kira Kes. Reshensa na haɗarin aiki mai ɗaukar aiki ne kaɗai ke zuba masa kuɗi, kashi 1.75 cikin ɗari na albashi. A kan mafi ƙarancin albashi na jika 42 da aka tsayar tun Janairun 2024, wannan sefa 735 ne a wata, wato dala 147. Abin da wannan 'yar dala ke saye shi ne jinya, da kuɗin kwanakin da mutum ya yi a kwance, da fansho idan ya naƙasa, da rabon iyali idan ya rasu, har da haɗarin da ya same shi a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Sai dai akwai sharaɗin sanar da haɗarin cikin awa 48, da takardar likitan da ya fara duba raunin. A nan ne haƙƙi ke yawan salwanta. Ubangida ya ɗauki yaron a babur zuwa likita, ya biya ɗinki da magani daga aljihunsa da zuciya ɗaya, kowa ya yaba. Bayan wata shida hannu ya ƙi miƙewa, ba rubutu ko ɗaya da ke nuna a wurin aiki abin ya faru. Ma'aikacin ko iyalinsa na da damar kai sanarwar da kansu idan mai aiki ya yi shiru, amma kaɗan ne suka san haka.

To ina ƙaramar hukuma a cikin wannan? Magajin gari ba ya rubuta tuhuma a kan dokar ƙwadago, kuma daidai ne kada ya yi. Amma dokar ƙananan hukumomi, mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010, ta ba shi kula da zaman lafiya, tsaro da tsabtar jama'a a yankinsa. Daga hannunsa izinin gini ke fita. Shi ke raba rumfunan kasuwa da izinin zama a bakin titi, shi ke da tasha da mahauta da kwasar shara. Dokar tsabtar jama'a da aka kafa tun 1993 ta samar da jami'an tsabta masu shiga gidan abinci da gidan burodi da majema. Akwai kuma tsohuwar doka ta 1966 kan wuraren sana'a masu haɗari ko ƙazanta ko takura wa maƙwabta, wadda ta kasa su aji-aji, ta kuma sa a ji ta bakin mazauna unguwa kafin a buɗe masu haɗarin cikinsu, kamar wurin ajiyar mai da gas. Tun 2016 aka ƙara miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Da aka rusa zaɓaɓɓun majalisu a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, wannan iko bai tafi da kansiloli ba, yana nan a hannun wanda ke kan kujerar, a birnin Yamai da gundumominsa biyar kamar yadda yake a Tawa da gundumominta biyu.

Abin lura shi ne, haɗarin da ke kashe ma'aikaci a ƙananan sana'o'i kusan kullum shi ne wanda ke barazana ga maƙwabci da mai wucewa. Ginin da zai faɗo wa lebura zai faɗo wa mai tallar ƙosai a gindinsa. Don haka ikon kare jama'a da meri ke da shi ya isa ya taɓa mafi yawan abin da ake magana a kai, ba sai an sake wata doka ba.

A ɗauki gini, inda aka fi samun munanan raunuka. Izinin gini yakan tsaya a kan takardar fili da zanen gida da kuɗin da za a biya, daga nan ba mai sake leƙawa. Ziyara uku kacal, a lokutan da suka dace, za su kama yawancin abin da ke kashe mutane. Ta farko lokacin haƙa. Ramin da ya zarce mita 1.3 mai miƙaƙƙen bango yana buƙatar tokari na katako, ko a kwantar da bakinsa, kuma ƙasar da aka fitar a janye ta daga baki. Mita ɗaya ta kowane gefe na ƙasa ta haura tan ɗaya da rabi, wanda ta rufe zuwa ƙirji ba ya iya jan numfashi ko da kansa na waje. Ƙasar yawancin unguwannin Yamai rairayi ce, ruwan sama na dare ɗaya ya isa ya sassauta bangon da jiya yake tsaye. Ziyara ta biyu kafin a zuba dal, wato rufin kankare. Ɗanyen kankare na kai tan 2.4 a kowace mita ta kowane gefe, duk nauyin nan yana kan sandunan tokari, waɗanda sau da yawa ake dasawa a kan tubali ko sassauƙar ƙasa, ba a kuma ɗaure su da juna. Kankaren ƙarfe yana son kilo 350 na siminti, buhu bakwai ke nan, a wannan awo. Ɗan kwangilar da ya mayar da shi buhu biyar ya ci ribar buhu biyu ya bar wa wasu sakamakon. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, a zafin bazara kuma sai ana shayar da shi ruwa safe da yamma. Cire tokari bayan mako ɗaya don a kai katakon wani aikin yana cikin manyan dalilan da dal ke sauka a kan mutane.

Ziyara ta uku idan aka hau bene. Dakalin katakon da magina ke ɗaurawa su tsaya a kai yana buƙatar shinge mai tsawon kusan mita ɗaya, da sanda a tsakiya, da allo a ƙasa da zai tare tubali ko guduma. Tsani a kafa shi yadda kowace mita huɗu ta tsawo gindinsa zai ja baya mita ɗaya, kansa ya zarce inda za a sauka da mita guda, a ɗaure shi. Sai abin da jami'in meri zai iya gani tun daga kan zane: layin kamfanin wutar lantarki NIGELEC da ya bi ta gaban filin. Rodi tsawonsa mita 12. Mutum biyu suna miƙa shi zuwa bene na biyu, bakinsa ya kusanci babban layi, ba sai ya taɓa ba wuta ke tsallakowa. Tazarar mita uku ita ce mafi ƙaranci, idan ba za ta samu ba sai a nemi a yanke wutar ranar aikin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura mai tsada, ma'auni ne da ido da ikon cewa a dakata.

Kasuwa ta fi haka sauƙin hujja, domin meri ce mai ita. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, kuma tsarin da ke haifar da irin wannan bai sauya ba. Kanti ɗaya ne ke da mita, maƙwabta biyar ko shida suka ja daga gare shi da siririyar waya da aka yi don ƙwan fitila. Waya mai kaurin milimita 1.5 aka ɗora wa firiza biyu da dutsen guga da injin walda, ta yi zafi, rigarta ta narke a inda aka murɗa haɗi da hannu aka naɗe da leda. Galibi da dare abin ke tashi, lokacin da wuta ta dawo bayan ɗaukewa, duk injunan da aka bari a kunne suka ja lokaci guda ba kowa a wurin. Maganin sananne ne: kowace rumfa da abin yanke wutarta daidai da kaurin wayarta, da na'urar da masu aikin kuran ke kira diferansiyel mai miliamfiya 30, wadda ke katse wuta idan ta fara bi ta jikin mutum, da babban makunni na kowane layi da mai gadi zai kashe idan an tashi. Masu sayar da gas da 'yan ruwa-ruwa a raba su da masu wuta, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan tulu na yoyo yakan kwanta a ƙasa ya bi lambatu har ya tarar da garwashin mai shayi.

Sai hanyar shiga. An kira lamba 18, 'yan kwana-kwana sun iso cikin lokaci, amma layin da aka zana mita huɗu ya koma mita ɗaya da rabi saboda teburan da aka ba wa tikiti. Motar da ta ɗauko lita 3000, tiyonta na fitar da lita 500 a minti, minti shida take da shi. Idan bakin famfon gobara na kusa an gina rumfa a kansa, ko ba ruwa a ciki, sai ta koma ɗebowa. Kowane tebur da ya toshe wannan hanya da sanin wani jami'i ya zauna, kuma kuɗinsa na shiga asusu kullum. Wannan ne ya sa batun ke da wuya: hukumar da za ta tayar da teburin ita ce ke cin harajinsa. Gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Afrilun 2021, inda yara kusan 20 suka rasu a azuzuwan zana, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, sun nuna abu ɗaya a wani fagen: abin da ke cin wuta, cunkoso, da ƙofar fita guda.

Akwai wurin da meri ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi, wato ma'aikatanta da na 'yan kwangilarta. Kafin damina ake yashe magudanan ruwa, kuma abin da aka saba gani shi ne mutum cikin baƙin ruwa zuwa gwiwa da silifas, yana kwasar laka mai gilashi da allurai da gwangwani. Takalmin roba mai tauri, safar hannu mai kauri, allurar rigakafin sandarewar jiki, da ruwa da sabulu a bakin aiki, su ne mafi ƙarancin abin da ya wajaba. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, mai aikin ƙarfi na buƙatar kofin ruwa kowane minti 15 zuwa 20, da inuwa, da a fara aiki da asuba a tsaya kafin azahar. Masu yashe shadda da rufaffun magudanai su suka fi kowa kusa da mutuwa. Iskar da ke taruwa a ciki tana warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ce, idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta wuce. Yakan faɗi cikin 'yan daƙiƙu, na biyu ya shiga ceto ya faɗi a kansa, shi ya sa irin wannan haɗari ba ya cika tsayawa a kan mutum ɗaya. A buɗe ramin a hura masa iska kafin a shiga, mai shiga da igiya a ƙirji, mutum biyu a sama masu iya jawo shi, kada a saukar da injin fetur ciki, kada kuma a gwada iskar da ashana ko kyandir, domin akwai mai kamawa da wuta a cikinta. Duk wannan ana iya rubuta shi a takardar kwangila, tare da sharaɗin nuna shaidar rajistar ma'aikata a Kes kafin a biya kason farko. Hukumar da ta tura nata mutanen cikin lambatu ba takalmi ba ta da bakin yi wa mai gidan burodi faɗa kan gurup ɗin, wato injin ba da wuta, da ya kunna a rufaffen ɗaki.

Inda aikin dubawa ke lalacewa ma sananne ne. Idan tara ta zama hanyar samun kuɗin shiga, jami'i ba ya son a gyara, domin gyara na rufe masa ƙofa. Mai shago shi ma ya gane farashin, ya riƙa biya kamar fatanti, wato harajin sana'a, wayar na nan yadda take. Rufe shago ba zato shi ma ba ya haifar da gyara, sana'ar ƙaura take yi zuwa cikin gida a bayan unguwa, inda mai narkar da tsohon batir zai riƙa aikinsa kusa da tukunyar abinci da yara, gubar dalma na sauka a tsakar gida. Abin da ke aiki shi ne a bi ta hannun shugabannin sana'a, sarkin maƙera da sarkin fawa da shugabannin layukan kasuwa, a tsayar da abu uku ko huɗu na kowace sana'a waɗanda ba sassauci a kansu. Ga masu walda, gilashin fuska mai duhu na ainihi ga mai aiki da mai riƙe masa, da waya mai riga. Ga masu zuba tukwane, busasshen mazubi, domin sanholo na narkewa a digiri 660 kuma ɗigon ruwa a cikin mazubi na watsa shi a fuska. Ga majemar Gamkale, safar hannu da takalmi saboda farar ƙasa da sinadaran cire gashi, da ƙin karɓar fatar dabbar da ta mutu ba a san dalili ba.

Takardar ziyara kuma ta zama mai kwafi uku: ɗaya ga mai wurin, ɗaya ga meri, ɗaya ga ofishin sufeton ƙwadago na jiha idan akwai ma'aikata ko yara ƙanana a wurin, tunda shi ke da ikon tuhuma a wannan ɓangaren. A rubuta abin da aka gani, abin da za a gyara, da ranar dawowa, ba a karɓi ko dala a wurin ba. Sabunta izinin rumfa ko na zama a bakin titi a ɗaure shi da wannan takarda. A ranar da aka rubuta kuma a dawo, jami'in da ya zo da farko da wani na biyu da bai zo ba, su duba ko an sa wa bel ɗin murfi.